Na je an ɓalla min baya ƙas-ƙas, ga yadda muka kwashe

Duk wanda ya taɓa zama kan keken ɗinki ana saura sati uku Sallah ya san mene ne ciwon baya, ba sai an mishi bayani ba. Ni tela ne, shekarata 19 a Kasuwar Barci, kuma a azumin da ya wuce ne bayana ya ce min to malam ya isa haka. Daga asuba kana duƙe har la'asar, a sha ruwa a yi asham ka dawo ka ƙara duƙawa har biyu ko ukun dare, in an ɗauke wuta a ta da janareto, ga kwastomomi suna ta doka maka waya sai ka ce bashinsu ka ci. Ranar jajibiri almakashi ya suɓuce min na sunkuya zan ɗauka, kawai sai ji na yi wani abu ya riƙe min ƙugu kamar an buga ƙusa, miƙewa ta gagara. Sallar Idi a zaune na yi ta, yara suna ta leƙena.

Na yi abin da kowa ke yi, kemis, man zafi, uwargida tana dafa ruwa tana gasa min da tawul safe da yamma. Ya ɗan saki amma bai tafi ba. Ana cikin haka sai wani yaro da ke koyon ɗinki a wurina ya miƙo min wayarsa ya ce oga kalli wannan. TikTok ne, wani Bature ya kwantar da wani ƙato a kan gado ya kama kansa ya murɗa, sai ka ji ƙas! kamar an karya rake, mutumin ya tashi yana dariya har da ƙwalla wai ya warke. Na kalli guda, na kalli biyu, kafin in farga na cinye wa yaron data. Ya ce ai sunansu kairofarakta, kuma a nan Kaduna ma akwai mai yi, wani yayan abokinsa ya je. Ba zan faɗi unguwar ba balle sunan mutumin, don ba tona mishi asiri na zo yi ba, kuma ga dukkan alamu shi kansa ya yarda da abin da yake faɗa.

Wurin fes, ga sanyin esi, ga ƙashin baya na roba an kafe a kan tebur, ga satifiket a bango cikin gilashi wanda ban matsa na karanta ba, kuma wannan laifina ne. Matashi ne mai fara'a cikin farin kot, yaran wurin suna ce mishi dokta. Ya gaishe ni da mutunci, Alhaji sannu da jiki, ya sa na kwanta rub da ciki, ya haɗa dugaduganna biyu ya duba ya yi shiru, sannan ya ce ka gani ko, ƙafarka ta hagu ta fi ta dama gajarta, ƙugunka ya karkace. Ya faɗa da wata murya kamar ya gano ɓarawon da aka daɗe ana nema. Ni kuwa a raina dariya ta so kama ni, don ni tef nake ratayawa a wuya kullum, na auna dubban mutane, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam ɗin da kafaɗunsa biyu ko hannuwansa suka zo daidai cif ba, shi ya sa ma kaftani mai kyau ake gwada shi a jiki. Amma mai ciwo ba ya musu, na yi gum.

Sai ya juya ni gefe, ya naɗe min ƙafa ɗaya, ya ce in saki jiki in fitar da numfashi, ya danno da nauyinsa gaba ɗaya. Ƙas-ƙas-ƙas. Wallahi ba zan muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na sauko daga gadon nan jikina sakayau kamar an sauke min buhun masara, na sunkuya na taɓa gwiwa ba tare da na cije leɓe ba. Wannan ɓangaren gaskiya ne kuma ba zan janye shi ba ko da me zan faɗa a ƙasa.

Matsalar ta fara ne da muka zauna a kujera ya buɗe baki. Ya tambaye ni ko ina da wata lalura, na ce hawan jini, shekara huɗu ina shan ƙwaya ɗaya kullum da safe, sai olsa da ke tasowa lokaci-lokaci. Sai ya jawo ƙashin robar nan ya nuna min da biro, wai nan ne jijiyar da ke zuwa ciki ta fito, nan kuma ta zuciya, ƙasusuwan sun goce sun danne su shi ya sa jini ke hawa, shi ya sa ciki ke ciwo. In na yi zuwa goma sha biyu, in sha Allah da kaina zan ajiye ƙwayar nan, don ƙwayoyin asibiti rufe ciwo kawai suke yi. Ya ce in ina da yaro mai fitsarin kwance ko asma in kawo shi, har jarirai masu kukan dare ana gyara musu. Ya ɗauko wata roba ta ƙwayoyin ƙarin kuzari ya ce wannan dubu goma sha takwas ce amma zai bar min sha biyar. Sannan ya ce zuwa na gaba wuya za mu taɓa, don can ne uwar matsalar.

Na biya kuɗin ranar, ban sayi robar ba don aljihun bai kai ba, na hau keke napep na dawo gida ina ta washe baki.

Allah ya taimake ni yayar matata ta zo gidan a ranar. Ma'aikaciyar fisiyo ce, wato sashen gashi, a wani asibitin gwamnati a nan cikin gari, ta fi shekara ashirin tana aikin. Ina ba su labari ina kwaikwayon ƙarar, tana ta murmushi tana cin tuwonta, har na iso kan maganar ajiye ƙwayar hawan jini. Nan ta ajiye cokali. Ta ce Baban Ummi, bayanka naka ne, in ka ga dama ka sa yara su hau su tattaka maka, amma ranar da ka ajiye maganin nan saboda maganar mai tausa, ka sani ni za a kawo wa kai ina koya maka tafiya da sanda. Na ce haba Anti ai ba mai tausa ba ne, dokta ne. Ta ce doktan me? Na rasa amsa.

Ita ta fara min bayanin ƙarar nan da ta ruɗe ni. Ashe ba wani ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. A tsakanin gaɓoɓi akwai wani ruwa mai yauƙi da ke sa su motsi ba gogayya, a cikinsa akwai iska da ta narke, in aka ja gaɓar da sauri sai kumfa ya taso, shi ne ƙas ɗin da kake ji, daidai da wanda kake yi da yatsunka bayan ka tashi daga barci. Shi ya sa in ka yi sau ɗaya sai ka jira kamar minti ashirin kafin yatsan ya ƙara yin ƙara. Ta ce in da gaske ƙashin bayanka ya goce daga wurinsa ba da ƙafarka za ka shiga wurin ba, ɗauko ka za a yi.

Daren nan na kasa barci, ba don ciwo ba, don haushin kaina. Na ɗan taɓa boko kafin ɗinki ya riƙe ni, don haka na sayi data na zauna karatu, kuma abin da na tarar ya fi bidiyon TikTok ɗin ban mamaki.

Wanda ya ƙirƙiro sana'ar sunansa Daniel David Palmer, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, shekarar 1895. Ba likita ba ne. Ya yi koyarwa, ya yi shagon kayan masarufi, sannan ya koma wani irin magani da suke cewa na maganaɗisu, ana shafa mutum da hannu wai ana jawo cutar. A ginin da ofishinsa yake akwai wani mai shara, Harvey Lillard, da ya yi shekara 17 ba ya ji sosai. Palmer ya ce ya lalubo wani kumburi a bayansa ya danna, kunne ya buɗe. Daga wannan labarin guda ɗaya aka gina komai. Da na karanta wa Anti wannan sai ta kwashe da dariya ta ce ai jijiyar ji daga kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye a cikin ƙoƙon kai, ba ta ko leƙa ƙashin baya. Shi dai Palmer ya ci gaba, ya rubuta cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, har ya ce ilimin ma ruhin wani likita da ya riga ya mutu ne ya ba shi. Ku ji fa. Da wani malamin tsibbu ne a Rigasa ya ce aljani ya koya mishi magani da tuni 'yan boko sun mishi ca, amma da yake wannan daga Amurka ya zo da farin kot sai muka kira shi kimiyya. A 1906 har kurkuku an sa Palmer saboda yin aikin likita ba lasisi. Kalmar ma kanta daga Girkanci aka haɗa ta, ma'anarta abin da aka yi da hannu.

To a yi adalci. Sana'ar ba ta tsaya inda Palmer ya bar ta ba. A Amurka da Kanada da Ingila yanzu karatu ake yi na shekaru, akwai hukumomin da ke ba su lasisi, kuma da yawansu sun watsar da wancan zance na cewa baya ne tushen kowace cuta, sun tsaya kan ciwon baya da gaɓoɓi kawai. Amma duk da suna sa dokta a gaban sunansu, ba makarantar likitanci suka yi ba, ba irin likitan da ka sani a asibitin Barau Dikko ko na Shika ba ne. Hukumar da ke kula da su a Ingila ma da bakinta ta faɗa a 2010 cewa babu hujjar bincike da ke nuna wannan gocewar da suke magana ita ke jawo cututtuka. Kuma a ƙasar dai, wani marubucin kimiyya mai suna Simon Singh ya yi rubutu a jaridar Guardian a 2008 yana sukar ƙungiyarsu kan iƙirarin warkar da asma da ciwon kunne da ciwon cikin jarirai, suka maka shi kotu, aka yi shekara biyu ana fafatawa, ƙarshe su suka janye ƙarar. Wato dai jerin cututtukan da mutumina ya lissafa min a Kaduna ba daga kansa ya ƙago ba, gado ne ya ɗauko har da ƙurarsa.

Shi kuma ciwon baya fa, yana yi ko ba ya yi? Abin da bincike ya nuna shi ne yana ɗan yi. Ga ciwon ƙugu irin nawa, na gajiya da zama da ɗaukar kaya, dannawar tana rage zafi gwargwado, kwatankwacin abin da motsa jiki ko gashi ko maganin kemis ke yi, ba ta fi su ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa shi cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a kai ga ƙwaya a shawararta ta 2017, tare da tausa da ɗumama wurin. A Ingila kuma cewa suka yi in za a yi, a haɗa da motsa jiki, kar a yi shi shi kaɗai. Sai wani abu da ya fi komai tsaya min a rai, wai yawancin irin wannan ciwon da kansa yake lafawa cikin sati shida ko ƙasa da haka, ko ka je wurin wani ko ba ka je ba. Ku lissafa da ni, zuwa goma sha biyu, sau biyu a sati, sati nawa kenan? Shida cif. Lokacin da za ka gama biya jikin ya riga ya gyara kansa, sai a ce hannun dokta ne. Ni ma na san wannan dabarar, in kwastoma ya rame bayan azumi rigar ta zauna mishi sai in ce yankana ne.

Maganar wuya kuwa ita ce ta sa na ji gumi. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin wasu ƙananan ramuka a ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. In aka fizgi wuya da ƙarfi bangon jijiyar na iya tsagewa ta ciki, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ya toshe hanya, sai shanyewar ɓarin jiki, kuma yana samun matasa masu lafiyarsu garau. Ba kasafai yake faruwa ba, wannan gaskiya ne, kuma masu sana'ar suna cewa wasu dama jijiyar ta fara tsagewa shi ya sa wuyan ke musu ciwo har suka je. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba maganar a 2014 ta ce akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu kuma ya kamata a sanar da mutum kafin a taɓa mishi wuya. Ni ba wanda ya sanar da ni komai. Kuma ni wuyana lafiyarsa ƙalau, ƙugu na kai, ga hawan jini a jiki, to a kan me zan miƙa shi a murɗa.

Anti ta ƙara min da wani abu da ba a rubuce na gani ba, a unguwarmu na gani. Akwai wani maƙwabcinmu direba, shekarun baya ya yi wata da watanni yana fama da baya, an yi mishi ƙaho, an yi tausa, an kai shi wurin mai ɗori an ɗaɗɗaure, yana ta ramewa yana zazzaɓin dare ana cewa sammu ne. Sai da ƙafafu suka fara mutuwa aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, ashe tibi ne ya ci mishi ƙashin baya. Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba. Ya yi wajen shekara yana shan magani, kyauta ma ake ba shi, ya tashi amma da ɗan doro har yau. Ta ce ka ɗauka irin wannan ƙashin da ya rube a ce wani ya hau shi da nauyinsa ya danna. Haka mai sikila, haka tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi, haka dattijon da ciwon dajin mafitsara ya bazu mishi zuwa baya bai sani ba. A garin nan ciwon baya ba duka ne na gajiya ba. In ya zo da rama, ko zazzaɓi, ko yana ta da kai tsakar dare, ko ƙafa na sanyi tana ja, ko fitsari ya fara ƙwace maka ko ya ƙi fita, ko ka daina jin tsakanin cinyoyinka, to ba gadon ƙas-ƙas za ka nufa ba, asibiti ne a ranar ba gobe ba. Mutumina bai tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dugadugai kawai ya auna.

Abin ya tuna min da wani tsoho mai ɗori da ke bayan layinmu muna yara a Tudun Wada, Allah ya ji ƙansa. Targaɗe da gocewar yatsa ko kafaɗa ba ya ko tashi daga kan buzunsa zai gyara maka, amma na sha gani da idona an kawo mishi karayar da ƙashi ya huda fata ya ce a'a, wannan ba tawa ba ce, ku wuce asibiti, in ta kama ku tafi Dala a Kano. Bai taɓa ce wa kowa zai warkar mishi da ciwon suga ba. Ba duka masu ɗori ne haka ba, mun san yaran da aka ɗaure wa hannu tamau har ya ruɓe aka yanke, amma shi dai tsohon nan ya san inda gonarsa ta ƙare. Abin da na rasa kenan a ɗakin mai esi. Hannun yaron ya iya abin da ya iya, bakinsa ne ya shiga gonar da ba tasa ba, kuma bakin ne zai iya kashe mutum, don wanda ya ji daɗin hannunka minti biyar da suka wuce duk abin da ka gaya mishi zai ɗauka.

Na tambayi Anti ko akwai mai sa ido a kansu a ƙasar nan, ta ce hukumar da ke musu rajista su 'yan fisiyo, MRTB, ita ce doka ta ɗora wa har da masu wannan aikin, don haka duk wanda ya ce maka shi kairo ne kana da damar ka ce ya nuna maka lasisinsa na hukumar, ba takardar kwas ɗin sati biyu da aka yi a intanet ba. Ni dai ban koma na tambaya ba. Sun kira ni sau uku suna tuna min zuwa na biyu, na ce musu na gode jiki ya yi sauƙi, yarinyar da ke kiran ta ce Alhaji in ka tsaya a rabi zai dawo fiye da da, na ce to Allah ya kyauta.

Abin da na yi a madadin haka ba shi da daɗin kallo, ba wanda zai sa shi a TikTok. Anti ta koya min wasu motsi guda huɗu da nake yi a kan tabarma bayan asuba, ɗaya ma sai ka ce mage tana miƙa, yara suna min dariya. Na kai wa kafinta kujerar shago ya ƙara mata tsawo ya sa mata majingina, don ashe shekara 19 ina zaune kan benci da ya fi keken gajarta. Na daina hawa mashin zuwa masallacin Juma'a, da ƙafa nake zuwa. Duk in na gama wuyan riga ɗaya sai in tashi in zaga layin 'yan gwanjo in dawo. Ƙwayata kuma ina sha kullum, na je an auna satin da ya wuce an ce jinin ya zauna. Bayan yana ɗan motsawa in na kwana a shago, ba zan ce ya tafi gaba ɗaya ba.

Shekaranjiya na je aski wurin yaron da ya saba min a bakin kasuwa. Ya gama, ya shafa min sifirit, ya kakkaɓe tawul, sai na ji ya ɗora hannu ɗaya a haɓata ɗaya a ƙeyata kamar yadda yake min shekara da shekaru ban taɓa cewa uffan ba. Na riƙe mishi hannu caraf. Ya ce oga lafiya, ai kyauta ce wannan. Na ce na sani, bar min kayana haka, nawa ne kuɗin askin.